Ɗalibai Sha Ɗaya

A tashar motar garin Isa, wata dattijuwa ta leƙa takardun malamin da ke zaune kusa da ita.

"Malam, mi ka rubuta haka da yawa?"

"Yadda nake koyar da fiziks da guga da igiya, Inna. Na aika wa mujallar masana, sun maido."

"Su wa?"

"Mutum biyu. Ba a faɗin sunansu, su ma ba su san nawa ba."

"Ikon Allah. To mi sunka ce?"

"Wai ɗalibai sha ɗaya sun yi kaɗan."

"Wace makaranta?"

"Ta garin Gatawa. Da arba'in munka fara, kafin tashin hankali ya sa mutane su watse."

Ta ɗora yatsa kan takardar.

"Rubuta sha biyu. Jikata Hadiyya na cikin ɗalibanka da sunka watse, tana nan wurina. Har yau ba ta jan ruwa ba ta yi mani bayanin gugan ba."