Ranar da Injin Tilas Ya Yi Magana

Kuɗin motar da ya kai ni Jos, tunkiyar kakarku Hajara aka sayar. Kai Nura, ɗago kanka daga kwamfutar nan. Tun safe kake fama wai sai ta riƙa aika imel da kanta, ka sa adireshi ta ƙi, ka sa kalmar sirri ta ƙi. Zauna kusa da ƙannenka ka huta. Ni ma na sha irin wannan fama, tun uwarku tana cikin kakarku, ba a haife ta ba.

Ƙarshen mulkin soja ne, kafin a koma farar hula. Damina ta yi mana gardama a ƙauyenmu na bayan Kazaure, ni kuwa na yi firamare, na ɗan iya buga tafireta. Wani ɗan garinmu mai sana'a a kasuwar Katako ta Jos ya aiko cewa akwai aiki a wani kamfanin sayen ma'adinin kuza. Da zan tafi Hajara ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙe bakin rigata ta ce in dawo kafin ta sauka.

Na kama ɗaki a Anguwan Rogo. Sanyin garin sai ka rantse ƙashinka ake tauna. Maigidan da nake haya, wai shi "landilodi", kullum muna rigima a kan kaskon gawayina.

"Malam Isiyaku, za ka ƙona mini gida!"

"Alhaji, gidan da yake yoyo ta ko'ina, ina wuta za ta kama?"

Sai ya yi tsaki ya wuce, da yamma kuma ya aiko mini da tuwo.

A ofis na tarar an sauke wani injin a akwati, mai kama da tafireta amma ya ninka ta girma. Sunansa telex. Masinjanmu ya kasa faɗa, sai ya ce "tilas", sunan kuma ya bi shi. Za ka buga saƙo, injin ya huda shi a kan siririyar takarda, ka juya lambar ofishin kamfanin da ke Ingila, injin can ya amsa da sunansa, sai saƙonka ya bi waya ya fita a gabansu. Haka aka ce. Amma namu ko tari bai yi ba.

Wanda aka ɗora wa haɗa shi Bulus ne, mai gyaran lantarki na kamfanin, mutumin Anguwan Rukuba. Ni ne zan riƙa bugawa, don haka aka haɗa mu. Hausarsa irin ta Jos ce, mace da namiji duk ɗaya. Kowace safiya sai ya ce, "Matanka ya haihu?" In ce masa ta haihu ake cewa, ya ce ai duk haihuwa ce. Muka ja waya daga turke, muka binne ta ƙasa saboda tsawa, muka sa wa injin lambarsa da sunan da zai riƙa amsawa da shi. Yau layi ya ɗauke, gobe wuta. Da muka kusa gamawa aka yi ruwa da ƙanƙara, tsawa ta ƙona wani ƙarfe a cikinsa, sai jiran sabo daga Legas.

Ni kuwa ina lissafin watan Hajara a zuci. Na shiga wurin manaja na roƙi hutu.

"Oga, iyalina ta kusa sauka."

"Kai ne ungozoma?"

"A'a, amma na yi alkawari."

"In injin ya yi magana, ka tafi. Tumoro, tumoro."

Wannan tumoro ɗin nasa, wato gobe, ba shi da ranar zuwa. Bulus ya ce kada in damu, ko abinci ba zai ci ba sai ya sallame ni. Kuma ya yi. Ranar Lahadi ma daga coci ofis yake wucewa da kayansa na ado, ya kwanta a ƙasa ƙarƙashin tebur yana laluben wayoyi.

Wata Talata da hantsi na juya lambar kamar kullum, ban sa rai ba. Sai injin ya girgiza, ya fara kakat-kakat shi kaɗai, ya rubuto sunan ofishin Ingila. Na saka takardar ta zarce. Kafin shayin manaja ya huce amsa ta dawo. Ofis ya kaure da tafi, Bulus ya ɗaga ni sama, manaja ya ce gobe in kama hanya, wannan karon da gaske. Na fita da gudu na sayo zannuwa da sabulu da turare.

Da na koma gida na tarar da wani mutum zaune a zaure tare da Alhaji. Direban motar dankali ne, ban san shi ba. Alhajin da bai taɓa tashi mini ba ya miƙe ya ba ni tabarmarsa. A nan na san ba lafiya ba.

Direban ya ce wani ɗan tireda ne ya ba shi saƙo a tashar Kano, shi ma daga bakin wani ya karɓa. Motarsa kuma ta lalace a hanya, ya yi kwanaki yana jiran gyara. Ya yi ta ba ni haƙuri a kan jinkirin kafin ya faɗi saƙon. Hajara ta haifi mace, jini ya ƙi tsayawa, ta rasu kafin a samo motar asibiti. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai.

Ban yi kuka a lokacin ba. Ƙullin zannuwan kawai nake kallo a cinyata. Ni da na yi magana da Ingila da hantsi har suka amsa, ga matata ta daɗe a ƙasa ban sani ba, ina ta dariya a ofis.

Bulus ne ya raka ni tasha da safe. Ya riƙe mini jaka har na shiga mota. Sai da mota ta tashi ya biyo taga ya ce, "Ka gaishe da yarinyar. Allah ya raya ta." Ranar ce kaɗai na ji bai kuskure ba. Ban sake ganinsa ba, don ban koma Jos ba, ko da manaja ya aiko har sau biyu.

Na isa gida da la'asar. Surukata ta fito daga ɗaki ta miƙo mini jaririya a cikin tsumma, ta ce an yi suna ba ni nan, sun mayar mata da sunan uwarta. Na buɗe baki in kira ta, na kasa furta sunan. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Bari, ɗan nan. Ka ce mata Talle."

Uwarku ta yi aure, ta haife ku, ga furfura ta fara fito mata. Har yau Talle nake ce mata.