Tayar Bayan Motar Paiko

A tashar motocin Paiko da ke Minna, direba ya ɗaga mota da jak yana jijjiga tayar baya, wata dattijuwar fasinja tana kallo.

"Direba, tayar nan wasa take yi."

"Mama, ɗan wasa kaɗan ba laifi. In an matse boris ɗin da taya ke juyawa a kansa da yawa, zafi yake ɗauka."

"Wannan ya wuce kaɗan, har ƙwas-ƙwas nake ji."

"Wallahi lafiya lau za mu kai. Ga wurinki can baya."

"Wace ce a gidan gaba?"

"Matata ce."

"Ɗazu ba a kujerar baya ta kan tayar nan take zaune ba?"

"Ai... ciki gare ta, Mama."

"Ni ma akwai masu jirana a gida. Kira bakanike. Ina nan zaune har a canja boris ɗin."