Kwaɗon Zogalen Baba Malam

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa, tare da masu sauraro. Sunana Nafisa, daga Takur a Dutse.

Ni mayyar littattafan soyayya ce, kuma a cikinsu da girki amarya take sace zuciyar dangin miji. Da na ji a shirinku cewa bitamin K da ke cikin ganyaye yana ƙarfafa ƙashi, yana kuma taimakon zuciya, sai na ce na samu hanya. Surukina, Baba Malam, yana da ciwon zuciya. Na dinga aika masa kwaɗon zogale da rana, miyar alayyafo da yamma, ba fashi.

Da maigidana ya kai Baba asibiti awon jini, likita ya ga sakamakon ya canza, ya tambayi abin da yake ci. Baba ya ce, "Likita, wata guda ke nan surukata ta mayar da ni akuya."

Ashe maganin tsinka jini yake sha. Shi kuwa bitamin K daskarewar jini yake taimakawa, idan ya yi yawa farat ɗaya sai ya rage ƙarfin maganin. Likita bai hana shi ganye ba, ya ce dai ya ci gwargwadon yadda ya saba.

Na je ba shi haƙuri har da hawayena. Ya yi dariya ya ce, "'Yata, wa ya cinye? Ai ni ne."

Don Allah mai irin wannan majinyacin ya tambayi likita kafin ya canza masa abinci. Ku kuma ba ni shawarar abin da zan dafa masa, don jiya ya aiko a tambaye ni ko fushi nake, ya ji kwano shiru.