Tabon Ƙirjina da Askar Ranar Suna

Assalamu alaikum, Malam mai karanta mana wasiƙu, barka da aiki. Ni ne Bukar Tela daga Kwaciri. Don Allah a karanta wannan kafin Juma'a.

Bara wanzami ya yi mini ƙaho a ƙirji. Tsagar ta warke, amma tabon ya taso kamar yatsa, ga ƙaiƙayi. Na koma ya yanke shi, sai ya dawo ya fi na da. Yanzu wani likita a Sabon Gari yake yi mini wata sabuwar allura, cikin tabon yake soka ta. Har hawaye nake yi, amma tabon ya fara laushi.

Abin da ya tsorata ni, likitan ya ce irin wannan fata gadonta ake yi. To maiɗakina ta haifi namiji, ran Juma'a suna. Mu Barebari ne, kuma mahaifina ya riga ya kira wanzami da zai yi wa jaririn zanen gidanmu a fuska ranar. Na buɗe ƙirji na nuna wa mahaifin nawa, ya ce, "Kai da aka yi maka zanen, me ya same ka?"

Jama'a, ku ba ni shawara. Nawa tabon riga tana rufe shi. In na yaron ya taso a fuska, da me zai rufe?