Cincin a Ƙarƙashin Tebur

Magdalena: Halo? Wa ke magana?

Nanret: Yaya, ni ce Nanret. Wayar maƙwabciyata Ikilima na ara. Ina kwana?

Magdalena: Lafiya lau. Ya Dutse, ya zafi? Ya Baban Reuben da yaran?

Nanret: Duk lafiya. Ya Garki, ya makaranta?

Magdalena: Mun gode Allah. Ina taki wayar?

Nanret: A kashe take. Kin san mutanen mijina Yahudawa ne, ba a taɓa waya ranar idi. Surukina ya zo daga gabas yin Idin Ƙetarewa da mu.

Magdalena: Ya zo da wa? Layin na yankewa.

Nanret: Na ce surukina ya zo. Shi kaɗai.

Magdalena: To madalla. Amma muryarki ba ta yi mini ba. Me ya faru?

Nanret: Yaya, na yi ɓarna jiya. Kin san cin abincin nan nasu, ana zama a tebur a yi ta karanta labarin fitowa daga Masar, ba a kawo abinci sai an gama. Bara da muka yi mu kaɗai, Baban Reuben ya taƙaita. Shi kuwa Baba, surukin nawa, ba ya tsallake ko layi ɗaya.

Magdalena: Yaran kuma ga yunwa.

Nanret: Ganye ɗaya aka tsoma a ruwan gishiri aka ba su, shi ke nan. Reuben na ta lilo da kujera, Adaeze ta kwanta a cinyata tana cewa cikinta. Baba ya ɗago ya kalle ni sau biyu. Sai na tuna da cincin da Ikilima ta ba ni a leda, na lallaɓa na ɗauko, ina miƙa musu ta ƙarƙashin tebur.

Magdalena: To mene ne laifin cincin?

Nanret: Fulawa ce, Yaya. Makon nan ba a barin burodi ko biskit ko ɗigonsu a gida, sai gurasarsu marar yisti. Ni da hannuna na share gidan nan har bayan kabad. Na sani sarai, kukan yarinya ne ya rufe mini ido.

Magdalena: Ya gani?

Nanret: Adaeze ce ta ɗora ɗaya a farantinsa, wai Kaka ga naka.

Magdalena: Kai, yarinyar nan.

Nanret: Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya rufe littafin, ya ce a kwashe komai a sake shimfiɗa. Da safen nan ya kira ɗansa, ya ce idan idi ya wuce zai tafi da Reuben gabas ya koyi addinin gidansu, tunda nan babu mai koya masa.

Magdalena: Yaro ɗan shekara takwas? Shi mijin naki ya ce me?

Nanret: Kansa a ƙasa. Ni tsoro nake ji, Yaya. Ga shi yau da yamma za a sake zama na biyu.

Magdalena: Saurara, shekara nawa ina fama da 'yan aji ɗaya. Ki ciyar da su da rana su ƙoshi, su yi barci. Dabino ya halatta?

Nanret: Ina jin ya halatta, zan tambaya.

Magdalena: Ki tambayi tsohon da kansa, zai ji daɗi. Duk wanda ya yi tambaya a kan labarin, ki ba shi ɗaya a fili, kowa na gani. Ki ɗora musu ƙunshin kaya a ka kamar masu fitowa daga Masar, ki ba Reuben sanda ya zama Musa. In ya ga sun zauna har ƙarshe zai sauko.

Nanret: Ba zaman Reuben ne ke damuna yanzu ba. Tun safe yana gindin darbejiya da kakansa, suna rera tambayoyin da yara ke yi a tebur. Ban taɓa ganin ya zauna haka ba. Ko kirana bai ji ba.

Magdalena: Ai alheri ne wannan.

Nanret: Tsaya, ga shi ya shigo. Reuben, wa ya ce maka ina nan? Me kake nema?

Magdalena: Me ya ce? Nanret?

Nanret: Wai in nuna masa inda na ajiye jakarsa ta tafiya. Yaya, murna yake yi.

Magdalena: Ki ba shi wayar in yi masa magana. Halo? Nanret?