Kan Roba Ba Ya Cewa Wash

A tashar Rano, cikin motar Kibiya, wata budurwa na koyon ƙarin gashi a kan mutum-mutumin roba. Wata dattijuwa na gefenta.

"'Yan nan, sassauta hannunki. Wa za ki yi wa?"

"Ƙanwata, Iya. Bikinta ya matso, ga shi ban taɓa yi wa mutum ba. Mai koya mana ta ce kitson da bai yi zafi ba, ba ya daɗewa."

"Haka innata take cewa." Ta zame ɗankwalinta. "Dubi goshina. Kitson ya daɗe, gashin ne bai daɗe ba."

"Subhanallahi! Ba ki ji haushinta ba?"

"Haushi? Takan matse ni tsakanin gwiwoyinta, tana ƙamshin man shanu, tana yi mini kitson doka. Kuka nake, amma ban taɓa gudu ba. Ajiye robar nan, ba ta cewa wash. Akwai saura ta ƙeya, gwada a kaina. In kin ja, zan faɗa miki."

"A tasha, Iya?"

"Rufa mana mayafinki. Kuma don Allah kada ki yi saurin gamawa."