Yadda Maganar Baba Illa Ta Bi Motocin Rake Har Yamai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban wannan taro, wakilin Perfe mai mulkin gundumarmu, wakilin Mai Martaba Sarkin Kance, magajin garin Matamaye, malamanmu da limamanmu, Hajiya Najaha shugabar mata masu sayar da rake, Malam Rabi'u shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi, manoman fadama da kuka taso daga Ɗan Barto da Yauri da Kance, iyayena maza da mata, ƙannena da 'ya'yana, ina yi muku sallama irin ta addinin Musulunci: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Mushe Idrisa Iliyasu. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a garin nan kafin in huta. Ina godiya ga ƙungiyar manoman rake da ta ba ni wannan dama, a ranar da Baba Illa yake sauke shugabancinta bayan shekara ashirin da takwas, yake miƙa wa Malam Munkaila. Na yi mamaki da aka zaɓe ni, domin kowa ya san ban taɓa dasa rake ba, kuma dattawan da ke nan sun san akwai shekarar da na tsaya a gaban wannan bawan Allah a matsayin abokin hamayya. Labarin wannan shekarar nake so in ba ku, saboda abin da idona ya gani a cikinta har gobe bai daina ba ni mamaki ba. Zan kawo shi a kan abubuwa uku.

Na farko, yadda aka zo neman bakinsa.

A shekarar da nake magana, jam'iyyarmu ta wancan lokaci tana shirin fitar da wanda zai tsaya mata takarar shugaban ƙasa. Ba talakawa ke jefa ƙuri'a a wannan zaɓe ba. Wakilai ne, su ɗari tara da 'yan kai, daga kowace jiha, za su haɗu a babban taro a Yamai su zaɓi mutum ɗaya. Masu nema biyu ne. Akwai Alhaji Marwan, tsohon minista, wanda manyan attajirai da depitoci, wato 'yan majalisa, suka riga suka ɗaga hannunsa. Akwai kuma Dakta Yunus, wanda ba shi da kowa sai bakinsa da tsohuwar motarsa. Ni ina tare da Alhaji Marwan, kuma ni aka ɗora wa jan wakilan yankinmu.

Na zagaya manya. Wanda duk ke da babbar riga da babban zaure na shiga wurinsa, mun ɗauki hoto, ya ce yana tare da mu. Amma duk wakilin da na tambaya a ƙauye, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Mushe, mu ji abin da Baba Illa zai ce tukuna." Na ji wannan a Yauri, na ji a Kance, na ji a Ɗan Barto. Baba Illa ba wakili ba ne, ba shi da katin jam'iyya, bai taɓa zama a ajin lakwal ba. Na kai labari sama, sai aka aiko da sabuwar mota fara, aka ce in kai masa.

Na same shi a fadama da hantsi, ƙafafunsa cikin laka, ana ɗaure dammunan rake. Ya fito ya zagaya motar, ya shafa ta, ya ce, "Kai, ta yi kyau." Sannan ya mayar mini da makulli a hannuna, ya rufe hannun da nasa. Ya ce, "Mushe, ka koyar da 'ya'yana biyar, ba zan yi maka ƙarya ba. Bakin da kuke nema ba nawa ba ne. Na mutane ne, ajiya suka ba ni. In na karɓi wannan, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba ni kwana goma in tambayi masu shi."

Jama'a, kwana goman nan a kan tsohon babur ɗinsa ya yi su. Ya zauna da manoma, ya zauna da direbobi, ya zauna da mata. Hajiya Najaha da ke zaune a nan ita ta yanke magana. Ta ce, "Baba, mu ba mu san Marwan ba, ba mu san Yunus ba. Hanyar fadama muka sani. Kamyo, babbar motar ɗaukar rake, ya kafe a yashi kwana uku, rake ya bushe, wahalar shekara ta tafi. Ka tambaye su hanya."

Ya aika wa duka biyun da tambaya iri ɗaya. Namu, Alhaji Marwan, ya aiko da takarda mai hatimi, ni na karanta masa ita: hanya, da asibiti, da masana'antar sukari. Dakta Yunus kuwa ya zo da kansa. Motarsa ta kafe a daidai wurin da kamyo ke kafewa, ya fito ya naɗe hannun riga ya tura tare da mutane. Ya ce wa Baba Illa, "Masana'anta ba ta hannuna. Hanyar nan kuwa, in Allah ya ba ni iko ko yaya yake, zan yi ta." Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baba Illa ya ce wa mutanensa, "Na ga wanda zan bi. Dakta ne." Bai hau mumbari ba, bai kira 'yan rediyo ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na biyu, yadda maganar ta yi tafiya. Nan ne abin al'ajabin yake.

Ni ban damu ba. Na ce wakilan yankinmu nawa ne a cikin ɗari tara? Su tafi. Na manta da abu ɗaya, cewa lokacin yankan rake ne. Kullum kamyo na tashi daga garin nan, wannan ya nufi Damagaram, wannan Agadas, wannan Tawa, wannan Maraɗi, wannan Doso, wannan Yamai. Kowane direba ya ɗauki rake, ya ɗauki magana. Kuma wa ke sauke raken a can? 'Ya'yanmu ne. Su ne a bakin tasha, su ne a ƙofar asibiti, su ne a gindin masallacin Juma'a, da baro da wuƙa suna feraye rake. Wasu sun shekara ashirin a can, sun yi aure a can, sun aurar a can, ana kiran su suna, ana kiran su jana'iza. Mu muna da depitoci da hotuna a jikin bango. Shi yana da mutum a kowace kusurwar da ake shan rake a ƙasar nan, kuma kowane ɗaya daga cikinsu ta hannunsa ya fara samun damin farko.

Ranar taron Yamai, ina tsaye a ƙofar zaure da takardata mai sunayen waɗanda suka yi mana alkawari, sai ga wani dattijo wakili daga Tawa, sunansa na cikin takardar. Na gaishe shi na ce, "Alhaji, muna tare ko?" Ya ce, "Kai ne na Matamaye? To, ka yi haƙuri. Mai rakena ɗan garinku ne. Shekara goma sha biyu ina saye a wurinsa, bai taɓa ba ni mai tsutsa ba. In ya ga gaɓar ta lalace, da kansa yake yanke ta ya yar. Ya ce mini dattijonsu ya auna mutanen nan biyu, ya ɗauki Dakta. Depite ya yi mini magana sau ɗaya a waya. Wannan kuwa kullum ina ganin sa."

Na ji irin wannan daga bakin mutumin Agadas. Na ji daga bakin wata mata wakiliya daga Doso. Ba na cewa rake kaɗai ya yi aikin, domin Dakta yana da wasu magoya baya. Amma da aka ƙirga, ƙuri'a talatin da ɗaya ce tsakani, Dakta Yunus ya ɗauki tuta. Ku lissafa da kanku.

Na uku, kuma shi ne dalilin tsayuwata a gabanku, abin da ya biyo baya.

Dakta bai ci babban zaɓe ba, amma jam'iyya ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa, aka ba shi babban muƙami, irin wanda sa hannunsa ɗaya ya isa a yi hanyar fadama. Damina ta zo ta wuce. Wata daminar ta zo ta wuce. Babu ko tifa ɗaya ta tsakuwa. Baba Illa ya shiga mota ya tafi Yamai, ya yi kwana uku yana zama a kan benci a ƙofar biro, wato ofishin Dakta, ana ce masa mai gida yana taro. Ya dawo bai gan shi ba.

Zan faɗi laifina a gaban jama'a. Na yi murna. A majalisarmu na ce, "To, ga gwanin auna mutane nan." Na zaci zai yi abin da dukanmu muke yi, ya ce ai siyasa ce, ya ja bakinsa ya yi shiru har a manta.

Bai yi haka ba. Ya sake hawa babur ɗin nan. Ya bi kasuwanni ɗaya bayan ɗaya, ranar cin kowace kasuwa. Ina Yauri ranar da ya je can, da idona na gani. Ya cire takalmansa, ya tsaya a tsakiyar masu rake, dattijo mai furfura, ya ce, "Jama'a, ni na ce ku bi mutumin nan. Kun bi shi saboda ni, ba saboda shi ba. Na duba ban ga daidai ba. Kada ku zargi kowa sai ni. Ku yafe mini." Wani manomi da rakensa ya bushe a hanya a shekarar ya fashe da kuka, ya durƙusa ya ɗauko takalman ya ajiye masa a gaban ƙafarsa.

Bai tsaya nan ba. Ya tara direbobi ya ce, "Duk inda kuka kai maganata ta farko, ku kai wannan." Malam Rabi'u shaida ne. Har wurin dattijon nan na Tawa saƙon ya isa, cewa tsohon Matamaye ya ce ya yi kuskure, a yafe masa. Ni na karanta littattafai daidai gwargwado, na ga masu ɗaga hannun 'yan takara iri-iri, ban taɓa ganin wanda ya bi ƙuri'ar da ya sa aka jefa har gida yana neman gafara ba.

A wannan ranin ne direbobi suka ce kamyon da ya kai rake ba zai ƙara dawowa wayam ba. Kowa ya biyo ta wurin haƙar jar ƙasa ya ciko, a zuba a hanyar fadama. Manoma suka yi gayya, mata suka ɗebo ruwa suka dafa abinci. Wata huɗu aka yi. Hanyar da kuka biyo yau kuka zo wurin nan, ita ce. Ni ma na ɗauki shebur na kwana biyu, bayana bai yafe mini ba har yau. Da zaɓe ya sake zagayowa, mutanen Dakta suka dawo neman baki. Baba Illa ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa aka fere musu rake, ya raka su har mota. Ba su samu komai ba bayan wannan.

Malam Munkaila, ga abin da ake miƙa maka yau. Duk ranar da aka buga gangar zaɓe za su zo, da motoci da takardu masu hatimi, domin sun san bayanka akwai dubban mutane daga nan har Agadas. Ka tambayi masu bakin kafin ka buɗe shi. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya ce a bi wani ya ɗauki rabin kayan. In ka yi daidai, ka gode wa Allah. In ka yi kuskure, ka ga yadda ake yi.

Baba Illa, na yi maka dariya a bayan idonka a shekarar da ka fi kowa buƙatar a rufa maka asiri. Ban taɓa faɗa maka ba sai yau. Ka yafe mini.

Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah ya riƙa wa Malam Munkaila, ya tsare shi daga kwaɗayi da tsoro. Allah ya albarkaci fadamarmu, ya kiyaye direbobinmu a kan hanya, ya kare 'ya'yanmu da ke neman halal a garuruwan mutane. Allah ya ba ƙasarmu Nijar zaman lafiya da shugabanni masu cika alkawari. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.